Rantsuwar da Baba Thurstan Ya Yi Domina

Ranar Asabar, kwana biyu bayan bikin Waliyyi Martin na shekarar 1283, wani mai kai ulu birnin Lincoln ya tsaya a ƙofar majemata ya gaya mini cewa ka rasu, Baba Thurstan. Ya ce an binne ka a bayan cocin ƙauyenmu Marlsted, kuma tun kafin ƙasar kabarinka ta bushe mutanen uban ƙasa sun zo sun kora sanka mafi ƙiba, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan gandu in ya mutu. Na ajiye fatar da nake jima, na zauna, ban iya komai ba har yamma. Ka tafi da wani nauyi wanda nawa ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba zan ce kai mai sanyin hali ba ne, don ka tsani ƙarya ko a bakin kabari. Shekara goma sha ɗaya kana sarkin gandu. Ɗan gandu kake kamar mu, amma kai ke tashin mu zuwa gonar uban ƙasa kwana uku a mako, hatsinmu na zubewa a tamu gonar. Mun zage ka a ɓoye iya zagi. Sai daga baya muka lura cewa gwauruwa Edusa ba ta taɓa rasa mai yi mata huɗa ba, kuma duk wanda matarsa ta haihu, sai ka manta da kiran sunansa mako guda. Mantuwarka tana da zaɓe. Ni kuwa kullum kana kaina. "Hamon, in barci noma ne, da kai ka ciyar da ƙasar nan," haka kake ce mini a gaban 'yan mata.

Ina da shekara ashirin na gudu birni. Kowa ya san dokar: ɗan gandun da ya yi shekara ɗaya da kwana ɗaya a cikin ganuwa ba a kama shi ba, ya zama ɗa, babu mai iko da shi. Na samu aiki wurin wani majemi, na canza suna. Saura kwana tara sai ga wakilin uban ƙasa da dakaru biyu, kana biye da su a ƙasa. An kai ni gaban alƙalin birni. Wakili baƙo ne, bai san fuskata ba, don haka aka aza hannunka a kan Linjila.

"Shi ne?" in ji wakili.

Ka dube ni daga sama har ƙasa. Kai ka riƙe ni ranar da aka yi mini baftisma.

"Ranka ya daɗe, ban san wannan mutum ba," ka ce. "Ban taɓa ganinsa ba."

"Duba da kyau, tsoho. Littafin Allah ne a ƙarƙashin hannunka."

"Na san abin da ke ƙarƙashin hannuna."

Aka sake ni. Kai kuma aka tuɓe ka daga sarkin gandu, aka karɓe gonarka ta tudu aka ba ka ta bakin fadama, inda ruwa ke cin shuka shekara biyu cikin uku. Ni na yi aure, na mallaki majema, na koyi karatu da girmana, 'ya'yana suna tafiya inda suka ga dama. Naka 'ya'yan har yau sai sun nemi izini kafin su aurar da 'yarsu. Na daɗe ina juya wannan rabo a raina, ban ga adalcinsa ba. Limamai suna koya mana cewa Allah ya kasa mutane uku, masu addu'a da masu yaƙi da masu noma. Ban isa in yi musu da su ba, amma na san a wane kashi na ga mutumin da ya fi kowa daraja.

Bayan shekara biyar na zo Marlsted da sabon takalmi da na ɗinka maka. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne." Ka ci gaba da gyaran garmarka.

"Na rantse ban san ka ba," ka ce. "So kake in tashi in warware a gaban maƙwabta?" Sannan ka ɗaga murya ka kira matarka: "Aldith, ga wani baƙo, da alama yunwa yake ji. Zuba masa wake, ki ƙara masa cuku."

Haka muka yi shekara ashirin da ɗaya. Duk kaka ina zuwa, in ci abincin baƙo, mu yi hirar ruwan sama da ciwon tumaki, ba ka taɓa kiran sunana ba. Takalmin dai ka sa shi har ya yage.

Mai ulun ya kawo mini saƙon Inna Aldith, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ta ce da liman ya zo jin tubanka na ƙarshe, ka faɗi zunubanka har da na ƙuruciya, ka kawo kan rantsuwar nan ka tsaya. Liman ya ce ka tuba a gafarta maka. Ka ce, "Tuba sai da nadama, Uba. Na nema shekara ashirin da shida, ban samu ba." A haka ka cika.

Inna Aldith, da ku 'ya'yansa, 'yan'uwana Edric da Sabina, da jikokinsa, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku inda Baba ya saba tsayawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga dukkan mutanen Marlsted.

Ya Ubangiji, ka jiƙan bawanka Thurstan, ka haskaka makwancinsa. Hannunsa ne a kan Littafinka, amma ni na ci amfanin ƙaryar, ni da 'ya'yana. Idan dole sai wani ya amsa ta ranar hisabi, ni ne Hamon ɗan Godwin na Marlsted, ya san ni sarai, a tambaye ni.