Igiyar Shanu a Hannun Haruna

Ko ƙasa ta rufe idona ba zan manta da safiyar da aka kawo Haruna daga Kanya Babba ba. Ina atanda a asibiti nan Kazaure, wato mai shara da tura maras lafiya, kuma ba a taɓa samun ƙura a ɗakina ba, ku tambaya.

Magidanci ne mai 'ya'ya, manomi da garmar shanu. Yayansa Bala ya ɗauro shi da igiyar shanunsa, yana karkarwa yana amai. Ƙwayar tiramol ce. Ya fara sha don ya jure huɗa, har ta fi ƙarfinsa.

Likita ya sa a kwance shi, ya rubuta wani maganin ruwa. Ƙa'idarsa, kullum da safe mutum ya zo ya sha a gaban Sista mai jinya, ba a ba shi ya tafi gida. Da na ji ɗan'uwan tiramol ɗin ne, na riƙe baki.

"Sista, ƙwaya ake korar ƙwaya da ita?"

"Iya, wannan ba ya bugarwa in an auna. Ƙishin yake kashewa, mutum ya yi aikinsa."

Haka kuwa aka yi. Haruna ya yi kumari, ya koma sallar jam'i, har gyaɗa yake kawo mini.

Da kaka ta yi, Bala ya zo. "Iya, a garinmu in maras lafiya ya miƙe, an gama magani. Gero na jira."

Sista ta ce janyewa a hankali ake yi, likita ke ragewa. Bala ya ce ƙaninsa ba mashayi ba ne kuma. Daga ranar Haruna ya daina zuwa shan maganin.

Ba a gama ɗaurin dammuna ba aka dawo da shi a mota, leɓe ya yi baƙi, numfashi sai an kasa kunne. Ƙishin ya dawo, ya sha tiramol yawan da ya saba a da, jikin kuwa ya manta da ita. Ni na tura gadon. Allah ya yi da sauran kwana.

Ku yaran yanzu, ku riƙe: a aikin nan samun sauƙi shi ke ruɗin dangi. Tun daga nan Bala ke goyo shi a babur kowace safiya. Igiyar kuwa ta koma wuyan shanu.