Kawu Sale da Kachalar Bayan Gari

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa. A nan Doha muka yi zaman da ya fi kowanne daɗi ni da shi, ina injiniya a Madinat Khalifa, shi kuma yana jan tanka a Sanaiya, unguwar gareji da masaukin leburori. Aikinsa kwasar ruwan dagwalo ya kai inda ake tacewa. Ragowar ruwan, wanda aka tace sama-sama, ana sakinsa a wani kwari can bayan gari, har ya taru ya zama tafki.

Wata Juma'a da hantsi ya ce in zo da motata, zai nuna mini Haɗeja, garinsu. Na zaci wasa yake. Muna isa sai ga ciyawar kachala ta fi mutum tsayi, ga balbelu, ga zalɓe tsaye cikin ruwa, a tsakiyar rairayin da ko ƙaya ba ta son fitowa. Ya cika gora ɗaya a inda ruwan ke shigowa, muka taka muka zagaya ɗaya gefen, ya cika ta biyu.

"Shinshina, Injiniya."

Ta farko sai da na kau da kai. Ta biyu kuwa garau, ɗan ƙanshin laka kawai.

"Ban ce ka sha ba," in ji shi. "Amma gaya mini, wa ya wanke shi?"

Na zuba masa bayanin makaranta: ciyawar na rage wa ruwa gudu har datti ya kwanta, saiwoyinta na tsotse wani, ƙananan halittun da ke manne da saiwar su cinye wani, rana ta ƙarasa sauran. Ya bari na gama, sannan ya yi dariya.

"Wannan ciyawar ita ta kore ni daga gida. Ta toshe mana hanyar ruwa, ta cinye fadamar shinkafata. Ashe a nan aiki aka ba ta."

Daga ranar tafkin ya zama wurin hirarmu. Yakan zo da shayi a fulas, mu zauna a bayan mota yana kiran sunayen tsuntsaye kamar 'yan garinsu.

Ana nan sai manajan kamfaninsu ya umarce shi ya kwashi baƙin mai da ruwan batir daga gareji, ya juye a bakin tafkin, don wurin da doka ta ware ya yi nisa. Kawu ya ce masa ciyawa na iya wanke ƙazantar mutum, amma wannan kashe ta zai yi. Manajan ya ce, "Yalla, maza! Ko ka tafi ka zubar, ko khalas, aikinka ya ƙare." Kawu ya ajiye makullin tankar a kan tebur.

Ni na fi kowa yi masa faɗa. Na tuna masa iyali a gida, na tuna masa cewa takardar zamansa na hannun kafil, ubangidan da ya tsaya masa. Ya ce, "Ɗan nan, kai ka koya mini abin da ke cikin saiwar." Bai yi wata biyu ba aka sallame shi zuwa gida, kuma a can hawan jini ya yi ajalinsa.

Yau an janye yawancin ruwan, an killace wurin. Gari ya miƙe, ana haƙa layin dogo a ƙarƙashin ƙasa, gadoji na hawa kan gadoji. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai yaba, don shi mai son aiki ne mai kyau, sannan ya tambayi inda tsuntsayen suka koma.

Bai bar gida mai bene ba, bai bar hoto a bangon kowane ofis ba. Na daɗe ina ganin ya yi asarar aikinsa a banza. Sai bara, a wani gidan abinci a Muntazah, wani dattijo ɗan Sudan ya ji ina Hausa, ya tambaye ni ko na san Sale direba. Tare suka yi aiki. Ya ce bayan tafiyar Kawu an miƙa makullin ga mutum uku, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙi, har manajan ya haƙura.

"Ni ne na biyu," ya ce. "Tsoro nake ji sosai. Amma kunyar Sale ta fi."