Gurbin Igiyar Turai

A Wurno, idan injin ban ruwanka ya ƙi tashi, kowa ka tambaya zai nuna maka rumfar Halliru mai inji, can bakin hanyar da ta gangara fadama. Gajere ne kakkaura, hannunsa kullum kamar an tsoma shi a marina saboda baƙin mai. Shekarunsa arba'in da 'yan kai, matarsa ɗaya, 'ya'yansa biyar, surutunsa kuwa na mutum uku ne. Manoman albasa da tafarnuwa sun shaida gyaransa ba ya dawowa, sai dai ka tafi da kunnenka a shirye, domin kafin ya kwance maka kabureta sai ya ba ka labarin garinsu.

Garin nasu Tungar Maje ne, wata 'yar tunga a ƙasar Rabah, gida talatin da wani abu, wadda 'yan bindiga suka tasa shekara biyar da suka wuce. Ranar da aka gudu, Halliru ya fito da jakar sifanoninsa da iyalinsa, shi ke nan. Yayarsa Fatsuma, wadda ta girme shi da shekara goma, ta goya shi yana ƙarami, ta tsaya a Rabah da mijinta Sale, suka raɓa a gidan dangi. Shi ya zarce Wurno saboda a nan injuna suke. Uwarsu Turai ba ta ga wannan rana ba, ta rasu daminar da ta gabaci gudun, kabarinta yana can bayan gari.

Abin da ya fi cin ran Halliru shi ne ba shi da hoton garin ko ɗaya. Lokacin da suke can, 'yar ƙaramar waya gare shi mai tocila. Sai da gari ya zama kufai sannan Allah ya hore masa babbar waya, ya buɗe shafi a Fesbuk ya sa masa suna Tungarmu. Tunda babu hoto, sai ya koma zana garin da baki. Yakan goge yatsa a riga ya rubuta yadda masallacinsu yake, da tsamiyar da ake shan inuwa, amma komai ya ɗauko sai ya ƙare a rijiya.

Rijiyar kuwa ta isa a yi zancenta. An gitta mata itatuwan kirya a baki tun zamanin kakanni, igiyar guga ta ci itacen har ta yi masa gurabu masu zurfi, kowane gida da nasa gurbin. Ba doka ba ce, amma mace ba ta saka igiya a gurbin wata. Na Turai shi ne na uku daga gabas. Halliru yana ƙarami yakan cusa yatsa a ciki idan uwarsa ta gama ɗiba, ya ji itacen da ɗumi da santsi, ita kuma ta kai masa dundu ta ce ya matsa kada ya faɗa. Wannan labari ya rubuta shi ya fi sau ashirin, masu bibiyarsa har sun haddace.

Ta wannan shafi ya yi abokai biyu da bai taɓa sa su a ido ba. Ɗaya Bilyaminu ne, mutumin Rabah, mai yawon ƙauyuka a babur yana sayen tsamiya da kuka, yana ɗora hotunan hanya. Ɗayar Malama Adawiyya ce, malamar firamare a Goronyo, mai ɗaukar hotunan madatsar ruwan garin da masunta, wadda mabiyanta suka haura dubu arba'in. Su ukun suka shaƙu ta waya kamar 'yan gida ɗaya. Da aka yi wa Halliru haihuwa, Adawiyya ta aiko da atamfa a motar haya. Da mahaifin Bilyaminu ya rasu, Halliru ya yi kwana uku bai ɗora komai ba, ya ce shi ma yana zaman makoki.

Wata Talata da hantsi, bayan an gama yankan gero, Halliru yana gwajin wani inji sai wayarsa ta yi motsi. Bilyaminu ne ya turo hoto, da saƙon murya a ƙasansa. Ya buɗe hoton, sai kawai ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai.

Rijiyar ce. Ga itatuwan kirya, ga gurabu, ga na uku daga gabas yana sheƙi, jiƙe, kamar yanzu Turai ta zare igiyarta. Halliru ya fashe da kuka a gaban manomin da ya kawo injin, babban mutum da gemu. Ƙanshin jiƙaƙƙen itace ya dawo masa, da muryar uwarsa, har da zafin dundun. Injin yana ta ruri a gefensa, saboda haka saƙon muryar ya ce sai an jima. Ya ɗora hoton a shafinsa, ya rubuta sunan gari ɓaro-ɓaro, ya ƙara da cewa duk wanda ya saka igiya a gurbin Inna yau, Allah ya yi masa albarka.

Ni dai ban ga laifinsa a kukan ba. Amma mutumin da yake gane ciwon inji daga jin ƙara, ya kasa tambayar kansa wane ne yake ɗiban ruwa a garin da ba kowa. Ya kuma kasa ganin abin da yake can bayan rijiyar, inda kawunan damman gero suka leƙo ta saman wata sabuwar zana.

Kafin azahar Malama Adawiyya ta gani. Ta san abin da rijiyar nan take a wurinsa, ita ma ta yi ƙwalla, ta yaɗa hoton ga mabiyanta duka, don ta faranta masa. Ranar Halliru ya wuni yana karanta sharhi yana murmushi. Mutanen da aka tasa daga garuruwansu suka yi ta ba da labarin nasu rijiyoyin.

Washegari da safe waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar Fatsuma ce, tana haki kamar wadda ta hau tudu, kuma tudun ta hau, don a nan kaɗai ake samun sabis.

"Halliru, mi kay yi muna?"

"Yaya, lahiya? Ba Rabah kike ba?"

"Ina gida. Gida bakwai munka komo tun shuka. Ƙanen Sale ya kira daga Sakkwato, yac ce rijiyarmu na cikin waya duniya na kallo, har sunan gari ka rubuta."

"Yaya, don mi ba ki gaya mini kun koma ba?"

"Don bakinka na cikin waya," in ji ta, sai layin ya yanke.

Sai a lokacin ya tuna da saƙon muryar. Ya danna, ya ji Bilyaminu yana magana ƙasa-ƙasa: "Malam Halliru, wanga hoto naka na kai ɗai. Don Allah kada ka ɗora shi. Mutane sun komo a ɓoye, sun ba ni ruwa na sha, sun roƙe ni in kama bakina. Don na san ciwonka na ɗauko maka."

Sai yanzu Halliru ya gane. Wata biyar mutanen nan suna noma kamar ɓarayi a gonakinsu na gado. Ba sa daka da rana, ba sa hura wuta sai a cikin ɗaki, ko zakara ba su ajiye ba. Zaman raɓe ne ya ishe su, da cin tuwon da ake miƙo musu ana ɗaure fuska. Allah ya ba su damina mai kyau, gero ya yi, abincin shekara yana jibge ana jiran a fitar da shi kaɗan-kaɗan. Shi kuma ya tsaya a tsakiyar duniya ya yi shela.

Ya goge hoton nan take. Ya kira Adawiyya, karon farko da ya ji muryarta, kuma bai ko gaishe ta ba.

"Malama, ki goge, don girman Allah ki goge!"

Ta goge tana salati. Amma hoton ya riga ya fita hannunsu. Wasu sun sauke shi sun ɗora a nasu shafukan, wani ya sa masa waƙa ya mai da shi bidiyo, ya shiga zaurukan Wasaf na 'yan ƙasar Rabah. Halliru ya bar injin mutane a kwance, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Wani ya goge, wani ya ce ai hoton rijiya ne kawai, wani ya ce baƙin ciki yake yi don shafinsa ya fi samun mutane. Ga shi ba ya iya faɗin dalili, domin faɗin dalilin shi ne ƙarasa tonon. Adawiyya ta bar aji tana taya shi. Bilyaminu kuwa da ya ɗauki waya cewa ya yi, "Ni na ci amanar, ba kai ba."

Can a ƙarƙashin wani shafi da ba su san mai shi ba, Adawiyya ta ga wani sharhi ta turo masa. Mai sharhin ba fuska a hotonsa, sai jerin babura da bakin bindiga. Abin da ya rubuta gajere ne: "Ashe sun dawo. Har da gero."

Halliru bai rufe rumfa ba. Ya hau baburinsa ya kama hanyar Rabah, daga nan ya saki titi ya shiga burtali, yana addu'a da ƙarfi kamar mai faɗa da wani. Ya roƙi Allah ya ɗauki hannunsa, ya ɗauki idonsa, ya bar mutanen nan. Duk ƙurar da ya hango sai ya ɗauka 'yan bindigar ne.

Ya isa bayan la'asar. Garin da ya shekara biyar yana mafarki ya shiga shi bai ko dube shi ba. Ya iske an riga an yanke shawara, ƙanen Sale ya karanta musu sharhin ta waya. Jakuna uku gare su da amalanke ɗaya, damman gero kuwa sun fi ɗari biyu. Maza suna ta lodi. Sale ya amsa sallamarsa a ciki-ciki ya ci gaba da ɗaure igiya. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi.

Fatsuma ta fito da ƙunshin kaya a kai. Ta rame, ta yi baƙi, tafin hannunta duk kanta. Ta dube shi, ta miƙa masa guga da jarka.

"Ɗebo muna ruwan hanya."

Ya je bakin rijiya. Hannunsa da kansa ya kai igiya gurbi na uku daga gabas. Itacen yana nan da santsinsa, da ɗan ɗuminsa. Yana cikin ja ta zo ta tsaya a bayansa.

"Ni ka ɗiba nan," in ji ta. "Kullum. Ni kas sa wa albarka a waya."

Ya ci gaba da jan igiyar.

"Halliru, da ka dubi hoton ga, mi kag gani?"

"Inna na gani, Yaya."

"Inna na kwance bayan gari shekara shida, ba mai iya taɓa ta," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Mu muna nan bayan zana da ranmu, ba ka gan mu ba."

Ta karɓi jarkar ta wuce. Aka ɗaura masa dami biyu a bayan babur, aka ɗora masa wata tsohuwa da ba ta iya tafiya. Suka fita rana tana shirin faɗuwa, gida bakwai, da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na geronsu ba. Sauran geron suka bar shi a tsaye bayan zana. Da suka hau tudun da ake samun sabis, wayar da take aljihunsa ta fara motsi ba ƙaƙƙautawa, mutane suna ta tambayar ina hoton nan mai kyau ya tafi.

Kwana huɗu bayan haka, masu kiwo suka ce sun hango hayaƙi ta wajen Tungar Maje. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya zo yi wa Halliru jaje da wannan yake farawa. Shi dai ya san geron da aka fitar bai kai su lokacin sanyi ba. Fatsuma da Sale suna ɗakin zaurensa a Wurno yanzu, suna kwadagon cirar albasa a gonar wasu. Tana gaishe shi da safe, tana cin tuwon gidansa, ba ta sake tayar da maganar ba, shi kuwa da ta tayar da ya samu ya numfasa.

Har yau yana rumfarsa, gyaransa ba ya dawowa. Sai dai manoma sun ce yanzu za ka kai inji ka karɓo ba ka ji labarin komai ba. Shafin Tungarmu yana nan, ba a ƙara ɗora ko harafi ba. Adawiyya takan turo gaisuwa duk Juma'a, ya amsa da amin.

Bayan wata biyu Bilyaminu ya sake bi ta can. Ya turo saƙon murya, wannan karon Halliru ya kashe inji ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya tsaya a bakin rijiyar, ya ɗauki hoto, ga shi nan, in ya so ya buɗe, in bai so ba ya bari, shi ba zai gaya masa ko itacen ya tsira ba. Hoton yana nan a wayar bai sauke shi ba, dishi-dishi, da 'yar kibiya a tsakiya tana jiran a taɓa ta. Kullum da hantsi Halliru yakan goge yatsansa a riga, ya fito da wayar, ya daɗe yana duban dishin nan, yana ƙirga daga gabas. Sannan ya mai da ita aljihu ya ɗauki sifana.