Akuyar Adda

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayata, Adda Hajjo. Duk damina, in gero ya fara fid da kai, nakan tuna lokacin ya zagayo, in yi mata addu'a, in ci gaba da abin da nake yi. Ban yi kuka ranar da ta rasu ba, ban yi ranar sadakar uku ba, har yau kuma ban yi ba. Wasu sun ce tawakkali ne, wasu sun ce fulako ne, kunyar nan irin tamu ta Filani. Ni dai na san ba ko ɗaya ba ne. Wani abu ne ya daskare a ƙirjina tun a makon rasuwar, na kuma saba da shi.

A ruga aka haifi Adda, ni kuwa a gari. Bayan ciwon bushiya ya cinye shanun mahaifinmu ne muka zauna a unguwar Dogo Nini, aka sa ni makaranta har na zama malamar firamare. Ita ba ta taɓa riƙe alli ba. Abin da ta taho da shi daga daji shi ne habbanaye, al'adar nan ta mutanenmu: in ɗan'uwanka ya rasa dabbobi, ka ba shi aron saniya, ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan, ya maido maka da uwar. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta tashi da ita. Dabbar da aka sayar, ana kwance mata igiya a kasuwa, mai saye ya kawo tasa. Ta habbanaye kuwa da igiyarta take tafiya, don ba rabuwa aka yi da ita ba.

A shekarun da aka ba mu sabuwar jiha, maza na ta zancen wa zai samu wace kujera, Adda ta sayar da 'yar saniyar da ta rage mata ta sayo awaki. Ta tara matan unguwa, yawancinsu waɗanda maza suka mutu suka bari da yara, ta ce za ta yi habbanaye, amma da gyara. Mace za ta riƙe akuya har haihuwa biyu, 'ya'yan nata ne halak malak. Uwar kuwa ba wurin Adda za ta dawo ba, gaba za ta yi, hannun wata matar. In ta tsufa, a maye gurbinta da 'yarta. Sharaɗi ɗaya ne tak: duk wadda akuya ke gidanta, 'yarta ba ta ɗaukar talla lokacin makaranta. In kuɗin littafi ko na yunifom ya taso, a sayar da ɗan akuya.

Ƙungiyar ba ta da suna, balle ofis. Ranar Juma'a bayan la'asar ake haɗuwa a tsakar gidanta, kowa da irin Hausar da ke bakinta, ta Ngizim daban, ta Bolewa daban, ta Kare-kare daban. Adda da nata harshen na Filani ba ta raga wa kowa, musamman Barebari, abokan wasanmu, da take cewa su ba kiwo suka iya ba sai kirari. Akwai bunsuru ɗaya na ƙungiya da ke zaga gidaje, in ya zo gidanki sai maƙwabta sun sani tun daga bakin layi. Ni aikina in leƙa azuzuwa in gaya mata 'yar wa ta zo, 'yar wa ba ta zo ba. Wadda aka kama ta ɗora wa yarinya faranti, Adda da kanta za ta je, ta tsaya a ƙofa riƙe da ƙugu, ta ce ko yarinya ta koma aji ko akuya ta bi ta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu tallafa wa mata ya zama sana'a. Ana zuwa da fararen motoci, a tara mata a zauren otal, a yi musu bita, a raba kekunan ɗinki, a ɗauki hoto. Ba na cewa ba sa amfani, wasu sun amfana, na gani da idona. Amma na kuma ga keken da aka raba da safe yana bakin kasuwa kafin magariba, domin yunwa ba ta jiran a koyi ɗinki. Na san tambayar da Adda za ta yi musu: to, daga wannan matar, wa zai karɓa? Ina jin da wuya su gane me take nufi.

Amai da gudawa ne ya ɗauke ta, ciwon da bai ba mu damar ko yin shawara ba. Mijinta ya riga ta, ta bar marayu ƙanana. Ranar sadakar uku, muna zaune a kan tabarmi, sai ga wata mata ta shigo janye da akuya, ta ɗaure a jikin turke, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Can sai ga wata. Kafin azahar gidan ya cika da awaki, babu wurin sa ƙafa. Ba wanda ya aika musu. Kunya ce da ganin girma, don a sanin kowa kayan habbanaye gidan mai shi yake komawa, kuma ba wadda ke so a ce ta kwana da kayan mamaci. Wata ta maido, sauran suka ga in ba su maido ba za a zage su. Ina zaune ina kallo kamar a gidan wasu ake yi.

Garin neman gira aka rasa ido. Babban wanmu, Hamma Buba, ba mugu ba ne, malamai ya je ya tambaya. Aka ce masa da awakin suna hannun matan a matsayin sadaka, da ba mai taɓa su. Amma tunda masu riƙon da kansu suka kawo suka ce kayanta ne, sun yi shaida ke nan aro ne, sun zama gado, gado kuwa haƙƙin marayu ne. Ranar kasuwa aka kora awakin kara, kasuwar dabbobi, aka sayar. Da yamma Hamma ya dawo da igiyoyin a kafaɗa ya zube su gindin katanga. Sun daɗe a wurin, ruwa na dukansu, ba wanda ya iya ɗaukewa. Kafin shekara ta zagayo na fara ganin 'yan ajina a tasha da farantin gyaɗa a ka.

Mace ɗaya ce ba ta maido ba. Sunanta Adama, 'yar Kare-kare ce, mijinta ya mutu ta koma wajen danginta a Mamudo da 'yarta ɗaya da ke shirin shiga sakandare. Unguwa ta ɗauka: Adama ta ci amanar mamaci. Hamma ya ce in je in karɓo, tunda mace ce. Na shiga mota na je. Na same ta tana ba akuyar harawa, wata kyalla mai tsohon ciki.

Bayan ta yi mini gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, “Malama, Adda cewa ta yi in ta haihu sau biyu in miƙa gaba. Ba ta ce in maido ba. In na ba ki ita yau, yarinyar nan ta gama karatu ke nan.”

Na ce mata mutane na magana.

Ta ce, “Su yi. Ni da bakinta na ji.”

Ban ji haushi ba, ban ji daɗi ba. Na koma na gaya wa Hamma, ya ce a bar ta da Allah. Daga nan matan unguwa suka daina zuwa sabgarta, ko a asibiti aka haɗu sai a kau da kai. Ban sake ganinta ba. Na ji dai 'yar ta gama makaranta, daga baya na ji Adama ta rasu a shekarun da garin nan ya shiga tashin hankali. Na yi mata addu'a, na ɗauka maganar ta ƙare.

Bara maigidana ya rasu. Na yi ritaya, ga jikoki mata biyu a hannuna. Bayan na fita takaba, wata safiya aka yi sallama. Wata matashiya ce da goyo, ban taɓa ganinta ba, janye da jar akuya.

Ta ce, “Mama, an ce ke ma maigida ya rasu, kuma kina da yara mata. Akuyar Adda ce, zagaye ya zo kanki. Haihuwa biyu, ki miƙa gaba. Da igiyarta take tafiya. Kuma ban da talla lokacin makaranta.”

Na ce, “'Yar nan, wace ce Adda?”

Ta yi dariya ta ce, “Wallahi Mama, oho. Haka muka taras ana faɗa.”

Ban ce mata yayata ce ba. Na miƙa hannu na karɓi igiyar, irin ta leda ce ta zamani, shuɗiya, ta sha hannu har ta yi laushi.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na sha faɗa wa yara haka a aji ba tare da na tsaya na auna ba. Kabarin Adda ya baje, ba zan iya nuna shi ba. Gidanta an sayar an yi shaguna. Matan da suka girmama ta har suka maido mata da kayanta, su ne suka kashe aikinta ba da saninsu ba, wadda aka kira maciyar amana kuma ita ta raya shi. Abin da ya rage na yayata shi ne rabin sunanta a bakin matan da ba su san ta ba, da wasu yara mata da ke zaune a aji maimakon tasha. Allah Ya kai haske makwancinta, ita da Adama, Ya haɗa su a inuwa ɗaya.

Hawayen dai har yanzu bai zo ba, na kuma daina jiransa. Akuyar ta yi haihuwar fari, ga ta da ciki na biyu. Akwai wata mata a bayan layinmu mai yara mata uku. Jiya na aika mata ta kafa turke.