Kusurwar Auta

Ranar da ta zama ta ƙarshe, Auta ta riga kowa fitowa tsakar gida. Ita ce ƙaramar 'yarmu, ma'aikaciya a gidan renon itatuwa da ke bayan gari. Da sassafe na same ta a tsugune bayan kicin, tana ƙara ruwa a tsohon bahon da ta binne a ƙasa. Ta hana kowa share wannan kusurwa. Ciyawa ce kawai a wurin, da ruɓaɓɓen kututture, da fasassun tukwane a kife. Tun tana ƙarama haka take. Ba a wanke kayanta sai an zazzage aljihu, don ba a rasa iri ko dodon-koɗi a ciki.

Da hantsi suka yi faɗan da suka saba da mahaifiyarta.

"Uwar kwaɗi, yaushe za a kwashe mana bolar nan?"

"Haba Umma, bola kuma? Ma'aikatanki ne fa a ciki. Kwaɗi na rage miki sauro, ƙadangaru na cin gara, ƙudan zuma in sun sha ruwa sai su bi ta kan furen gwaibarki."

"To, su zo su taya ni wanke-wanke."

Da rana ta kira ni daga wurin aiki. "Abba, in mai feshi ya zo, ka sallame shi. Maganinsa ba ya bambance mai ɓarna da mai amfani." Na ce to.

Da yamma mota ta buge babur ɗin da ya ɗauko ta. Ba ta iso gida ba.

Washegari kawunta, yayan mahaifiyarta, ya kawo leburori su share tsakar gida don masu zuwa gaisuwa su sami wurin zama. Ina ɗaki na ji ƙarar fartanya. Kafin in fito, mahaifiyarta ta riga ta tsaya a gaban bahon.

"Yaya, a bar nan."

"Ba ke kike cewa bola ba ce?"

"Ni ce. A bar nan. Da masu zama a ciki."

Baƙi suka matsu a ɓangare guda, ba wanda ya yi ƙorafi.

Daga baya muka raba kayanta. Tufafi da takalma suka tafi wurin 'yan'uwanta mata. Kwalaben irin itatuwa na mayar wa abokan aikinta, sun ce za su shuka da damina. Hular ranarta tana rataye inda ta bar ta. Baho da kututture da tukwane ba mu taɓa ba. Mahaifiyarta ce ke ƙara ruwan yanzu, a hankali, ta gefe, yadda ta ga Auta tana yi don kada ta dame ƙwan kwaɗi.