Farin Zaren da Ya Motsa

A layinmu kowa Mai Soso yake ce masa, domin tun yana saurayi gyaran kujeru yake yi: ya farke tsohon yadi, ya sa sabon soso, ya ɗinke. Mutum ne mai ƙyanƙyami na fitar hankali. In aka kawo masa kujera, sai ya ɗaure hanci da hankici kafin ya zura hannu a lungunta, yana ta mita a kan gashi da busasshiyar majinar yara da yake tararwa. Shagonsa kuwa, ko guntun zare ya gani a ƙasa sai ya duƙa ya ɗauke.

Da ɓarayi suka matsa masa da satar soso, maƙwabcinsa mai walda ya kawo masa ɗan kwikwiyo ja, ƙafafu kamar tsinke, ciki a kumbure.

"Maigida, riƙe wannan. In ya girma babu mai ƙara tsallako maka katanga."

"Wannan cikin fa?"

"Tsutsa ce. Kai shi a ba shi magani."

Ba don ransa ya so ba ya saka shi a kwali ya kai wa likitar dabbobi. Ta ɗura masa magani, ta ce, "Baba, zai iya yin zawo kwana ɗaya ko biyu. In ka ga tsutsa a kashinsa kada ka tsorata, maganin ne ke aiki. A riƙa kwashewa da wuri, a ba shi ruwa. In ya ƙi cin abinci ko kun ga jini, ku dawo da shi." Mai Soso ya gyaɗa kai kawai, hankalinsa na kan hannun rigarsa da kwikwiyon ya lasa.

Washegari ya ɗaure shi a bayan shago, ya zauna ɗinkin wata farar kujera. Tabaransa ya manto a gida. Zare ya ƙare masa a allura, sai ya hango wani fari mai kauri a gindin keken ɗinki. Ya ɗauko, ya nufi baki da shi zai jiƙa bakin zaren kamar yadda ya saba. Saura ƙiris ya taɓa leɓensa, zaren ya nannaɗe masa yatsa. Sanyi gare shi, ga danshi.

Ihun da ya kurma ya sa mai walda shigowa da guntun ƙarfe a hannu. Tare suka leƙa bayan keken. Ashe kwikwiyon ya zame igiya tun ɗazu. Ga zawo nan ruwa-ruwa ya malala har ƙarƙashin tebur, tsutsotsi sun cukuikuye a ciki, wasu na miƙewa a hankali. Shi kuwa gogan yana can yana jan gindi a kan sabon soso, wata tana reto a bayansa, yana kaɗa wutsiya.

Mai Soso bai kai bakin kwata ba ya fara amai. Ya wanke hannun da sabulu, ya sake da garin wanki, ya ƙara da kananzir, har fatar ta yi ja.

A haka matarsa ta iske shi, ta kawo masa abincin rana. Ta leƙa, ta yatsine fuska, ta nemo shebur da yashi ta kwashe.

"Malam, ai gara da suka fito. Da a cikinsa ka so su zauna?"

"Bakina fa na kai, baiwar Allah! Bakina!"

"To ka sha?"

Ya ruga bakin kwata ya sake kwara wani aman. Soson nan kuwa, sawa ya yi aka ƙone shi. Ya daɗe kafin ya yarda ya sake cin abinci da wannan hannun, sai dai cokali.

Cikin 'yan kwanaki kashin kwikwiyon ya yi tauri, cikin ya saɓe, ya koma ci kamar gara. Da lokacin magani na biyu ya yi, matar ce ta kai shi, Mai Soso kuwa ya kulle shago ya tafi gidan ƙanwarsa, bai dawo ba sai da aka tabbatar masa an gama.

Yanzu kare ya zama ƙato. Matar ke ba shi abinci, ita ke share masa wuri, amma duk duniya babu wanda yake so kamar Mai Soso. Kullum da safe yana kwance a ƙofar shago yana jiransa. Shi kuwa sai ya tattare ƙafar wando, ya raɓa ta gefe, yana cewa, "Matsa can, ƙazami."