Malam Bahauddeen, Mai Raya Tsofaffin Kwamfutoci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Bahauddeen Abdulmutalib Karaye, a hatsarin babur kan hanyar Rogo. Wurina yake tahowa, kuma ni na kira shi.

Malam, a shagonka na Karaye na fara taɓa kwamfuta. Kai ka koya mana Linux, manhajar da kowa ke da izinin ɗauka ya gyara, ka kuma nuna mana cewa fuskar da ake gani a allo zaɓarta ake yi, ba guda ɗaya ba ce. Kakan ce fuskar GNOME tsaf take, sabon shiga ba ya ruɗewa, amma tana son na'ura mai ƙarfi. KDE kuwa komai nata ana iya sauya shi, shi ya sa ɗalibi kan ɓata yini yana canza launi bai buga ko layi ɗaya ba. XFCE marar nauyi ce taka. Muna tsokanarka da cewa kamanninta na zamanin da ne, kai kuma ka yi dariya ka ce, "To ai kwamfutocin namu ma tsofaffi ne."

Ban manta da Hannatu ta Tudun Kaya ba, wadda mijinta ya rasu ya bar mata kwamfutar da kowa ya ce ta gama yayi. Ka zauna ka sa mata wannan fuska marar nauyi, na'urar ta farfaɗo, har yau da ita take buga wa mutane takardu tana ciyar da marayunta. Duk da haka ba ka da taurin kai a kan ra'ayinka. Da Alhaji Daudu ya zo yana kukan idonsa ba ya ganin rubutu, KDE ka sa masa, ka ƙara girman haruffa har ya karanta da kansa. Mutum kake fara dubawa, sannan na'ura.

Ni ban kai ka haƙuri ba. Da aka ba ni amanar sabon ajin koyon kwamfuta na mata a Rogo Sabon Gari, na sa GNOME a kwamfutocin ajin don ina so ranar buɗewa baƙi su ga abu mai kyau. Tsofaffin na'urorin suka kasa ɗauka, sai ka danna abu ka zauna jira. Na rikice, na buga maka waya da safe.

Ka ce, "Musbahu, hadari ya haɗo, kuma jikina babu daɗi. Ba za a bari sai jibi ba?"

Na ce, "Malam, gobe za a buɗe. Ka rufa min asiri."

Ka ce, "To, ga ni nan."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ruwa ya sauko, babur ya zame. Abin da ke ci min rai shi ne aikin sauya musu fuska zuwa XFCE bai fi ƙarfina ba. Kai da kanka ka koya min shi, ka maimaita. Tsoron kunya ne ya sa na so ka tsaya kusa da ni.

A wurin zaman makoki na durƙusa na faɗa wa mai ɗakinka, Malama Munawwara, yadda aka yi. Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Musbahu. Da ka kira shi da ba ka kira ba, da wuya ya wuni a gida." Na yi imani da ƙaddara, na san gaskiya ta faɗa. Amma har yanzu idan hadari ya haɗo, kasa cin abinci nake yi.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Munawwara, da 'ya'yanka Mas'uda da Kabir, da ɗalibanka na Karaye da Rogo. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Ni kuma Ya yafe min, Ya haɗa mu a Aljanna in nemi afuwarka baki da baki. Amin.